Darleane Hoffman: Matar da Ta Iya Karɓar Shaida Daga Ƙwayar Zarra Guda

A sana'ar nazarin sinadarai masu nauyin gaske, ba a ganin abin da ake aiki a kansa. Ba a ɗora shi a sikeli, ba a zuba shi a kwalba. Ƙwayar zarra guda ce ke samuwa, ta rayu daƙiƙa talatin ko ƙasa da haka, kuma ba a sanin ta zo duniya sai a lokacin da take barinta, sa'ad da ta tofar da ɗan ɓarɓashi ya bugi na'urar ƙirga. Darleane Hoffman, masaniyar kemistirin nukiliya 'yar Amurka wadda ta rasu ranar 4 ga Satumba 2025 tana da shekara 98, ta ƙarar da mafi yawan rayuwarta a kan wannan aiki. Shaidar da masu sanin fagen za su bayar a kanta ita ce ta iya sa ƙwayoyi 'yan ƙalilan su faɗi gaskiya, kuma ta ɗanɗana ɗacin ranar da aka kawo mata shaidar zur.

An haife ta ranar 8 ga Nuwamba 1926 a Terril, wani ƙaramin gari a jihar Ayowa ta Amurka. Sunanta na gidan uba Darleane Christian. Mahaifinta malamin lissafi ne kuma shugaban makarantu. Da ta shiga kwalejin jihar Ayowa da ke Ames, zane-zane ta je karantawa. Sai dai tsarin karatun ya wajabta mata darasin kemistiri a shekarar farko, malamar da ke koyar da shi kuwa ita ce Nellie Naylor. Kafin a yi nisa ta ajiye burushin zane. An tambaye ta ko tana ganin wannan sana'a ta dace da mace. Amsar tana tsaye a gaban allo kullum, tunda mace ce ke koyar da ita.

Tun tana ɗaliba ta samu aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Ames, inda ake haɗa na'urorin Geiger, masu ƙirga ɓarɓashin tururin nukiliya, da hannu. Cikin aikinta har da tsaga dutsen maika falle-falle don yin tagar na'urar. Aiki ne mai koya wa hannu ladabi. In fallen ya yi kauri, ya tare ɓarɓashin da ake son ƙirgawa. In ya yi sirara da yawa, ya fashe da zarar an zuƙe iskar cikin bututun. Ta kammala digirin farko a 1948, na dakta a 1951, kuma a ƙarshen wannan shekara ta auri Marvin Hoffman, masanin fiziks. Ta yi kamar shekara guda a cibiyar binciken nukiliya ta Oak Ridge, sannan ta bi mijinta cibiyar binciken makaman nukiliya ta Los Alamos a jihar New Mexico.

A nan aka yi mata abin da ba ta manta ba har tsufanta. Ta je da sanin cewa akwai gurbi a rukunin masu nazarin sinadarai masu tururin nukiliya, amma a ofishin ɗaukar ma'aikata aka ce mata ba a ɗaukar mata a wannan sashe. Sai a wajen wata liyafa ta haɗu da shugaban rukunin, Rod Spence, ashe shi ma nemanta yake yi. Ko bayan haka, takardun izinin tsaronta sun ɓace a hanya, ba ta fara aiki ba sai Maris 1953.

Ga abin da watannin nan suka ci mata. Ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta tayar da bom ɗin haidirojin na farko, wanda aka yi wa laƙabi da Mike, a tsibiran Enewetak da ke tekun Pasifik. Jiragen sama sun ratsa gajimaren da takardun tace ƙura. A cikin wannan ƙura aka gano cewa yuraniyam-238 ya haɗiye niyutiron har goma sha biyar, wani ma goma sha bakwai, cikin ƙiftawar ido, ya rikiɗe ya zama sinadarai biyu da ba a taɓa gani ba: lamba 99 da lamba 100, wato ainstainiyam da famiyam. Mutanen da za ta zauna da su a ɗaki ɗaya suna cikin masu wannan aiki tare da na cibiyoyin bincike na Berkeley da Argonne, ita kuwa tana gida tana jiran takarda. Sabon sinadari ba abu ne da ke zuwa wa mutum sau biyu ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma babu wata hujjar ilimi a bayansa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a warware kalmomi uku. Lambar sinadari ita ce yawan furoton da ke cibiyar ƙwayarsa: yuraniyam 92, fulutoniyam 94. Lambar da ake liƙa wa suna, kamar 238 ko 244, jimillar furoton da niyutiron ce, kuma 'yan gida ɗaya masu bambancin niyutiron su ake kira aisotof. Rabin wa'adi kuma shi ne lokacin da rabin ƙwayoyin da ke hannunka ke ɗauka kafin su lalace. Sinadaran da ake kira masu nauyin gaske su ne daga lamba 104 zuwa sama.

Aikinta na yau da kullum a Los Alamos shi ne tantance tarkacen gwajin makamai. A narkar da ƙura ko narkakken dutse a asid, a ware fulutoniyam da ragowar yuraniyam, a ware 'ya'yan da tsagewar cibiyar ƙwaya ke haifarwa, irin su molibdinam-99, a ƙirga kowanne, daga nan a lissafa ƙarfin fashewar. Sirrin aikin shi ne a zuba sanannen adadi na wani aisotof tun farko a matsayin ɗan rakiya. Duk abin da ya salwanta a hanya, ɗan rakiyar ma ya salwanta daidai gwargwado, don haka a ƙarshe ka san kashi nawa ka tsira da shi. Wanda bai yi haka ba, lambarsa zato ce kawai. A wannan makaranta ta ƙware, tana renon 'ya'ya biyu, har ta je Norwe ta yi shekara guda tana bincike a 1964.

A 1971 ta fito da sakamako biyu da suka sa aka san sunanta.

Na farko shi ne farautar fulutoniyam-244 a cikin ƙasa. Wannan aisotof, wanda shi ma a tarkacen Mike aka fara ganinsa, rabin wa'adinsa kusan shekara miliyan 80 ne. Duniya kuwa ta kai shekara biliyan huɗu da rabi, wato an raba abin da aka fara da shi gida biyu kusan sau 56. Abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin biliyan sau miliyan goma ba. To ina za a neme shi? Dabarar ita ce a bi abokin tafiyarsa. Fulutoniyam yana yin hali irin na sinadarin siriyam a wasu yanayi, don haka ita da abokiyar aikinta Francine Lawrence suka nemi ruwan da ya fito daga masana'antar tace siriyam daga tsohon ma'adinin basnasait na Mountain Pass a Kalifoniya, wanda ya yi daidai da kusan kilo 85 na dutse. Suka yi ta tacewa har abin ya koma ɗigo, aka kai shi ɗakin binciken Knolls da ke jihar New York, inda na'urar auna nauyin ƙwayoyi ta nuna kimanin ƙwaya miliyan 20. Miliyan ashirin a baki tana da yawa, amma a nauyi ba ta kai kashi ɗaya cikin tiriliyan ɗari na giram ba. Gaskiya ta sa a faɗi sauran labarin: a 2012 wasu masu bincike a Jamus sun sake nema a irin wannan dutse da na'urar da ta fi wancan ji, ba su ga komai ba. Don haka sakamakon 1971 bai samu mai mara masa baya ba. Abin da ya tsaya daram shi ne hanyar tacewar da kuma ƙarfin halin yin tambayar.

Na biyun ya fi nauyi a ilmance, kuma shi bai girgiza ba. Tun da aka gano tsagewar cibiya a ƙarshen 1938, an saba ganin tana rabewa gida biyu marasa daidaito. Yuraniyam-235, alal misali, yakan ba da ɓangare mai nauyi wajen 95 da wani wajen 140. An ɗauka haka dokar take ga duk manyan sinadarai idan ba a zuga su da ƙarfi ba. Hoffman da abokan aikinta suka auna famiyam-257, mai rabin wa'adin kwana ɗari, wanda samunsa ma wahala ne: sai dai daga tukunyar nukiliya ta Oak Ridge ko daga tarkacen gwajin ƙarƙashin ƙasa irin na Hutch a 1969. Ana shimfiɗa shi a kan fallen da ya fi fatar albasa sirara, a sa na'urar ji ɗaya ta kowane gefe. Idan ƙwaya ta tsage, ɓangarorin biyu suna tashi baya da baya, kowanne ya bugi tasa na'urar a lokaci guda. Mai sauƙin nauyi ya fi gudu da kuzari, saboda haka daga kuzarin biyun ake lissafa nauyin kowanne. Sai ga shi wani kaso mai yawa na famiyam-257 yana rabewa kusan daidai wa daida, da kuzari fiye da na al'ada.

Dalilin yana da kyau ƙwarai. Cibiya mai furoton 50 da niyutiron 82, wato kuza-132, a ɗaure take tamau, domin waɗannan lambobi biyu suna cike zoben cibiya. Famiyam na da furoton 100, wato hamsin biyu. Duk lokacin da aka ƙara masa niyutiron yana matsowa kusa da 164, wato 82 biyu, sai ya ƙara karkata ga haihuwar tagwaye. Da aka kai ga famiyam-259, mai rayuwar daƙiƙa ɗaya da rabi, rabon daidai ya mamaye komai. Wannan ya tilasta gyara lissafin tsagewa, kuma a kan wannan lissafi ne ake hasashen ko sinadarai masu nauyin gaske za su iya rayuwa, har da tsibirin kwanciyar hankali, wato yankin ƙwayoyi masu tsawon rai, da ake zato a wajen furoton 114 da niyutiron 184.

A 1979 ta zama shugabar sashen kemistiri da kemistirin nukiliya na Los Alamos, mace ta farko da ta jagoranci sashen kimiyya a wurin da aka taɓa ce mata ba a ɗaukar mata. A 1984 ta koma Jami'ar Kalifoniya a Berkeley a matsayin farfesa, ta karɓi ragamar rukunin manyan sinadarai da Glenn Seaborg, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano fulutoniyam, ya jagoranta. Tana dab da shekara sittin ta shiga aikin da ya fi kowanne buƙatar saurin hannu.

Tambayar ita ce: jadawalin sinadarai yana ci gaba da aiki a ƙarshensa? Jadawalin ya jera sinadarai gida-gida bisa kamannin hali. Bisa tsari, lamba 104 ya kamata ya bi zakoniyam da hafniyam, 105 ya bi niyobiyam da tantalam, 106 ya bi molibdinam da tangistin. Amma idan furoton suka yi yawa, ilektiron na can ciki suna gudu da kaso mai tsoka na gudun haske. A lamba 105 sun haura kashi uku cikin huɗu. Bisa ƙa'idar Einstein nauyinsu yana ƙaruwa, da'irarsu ta tsuke, su kare na waje daga jan cibiya, sai tsarin na waje, waɗanda su ne ke yin kemistiri, ya gurɗe. Wannan tasiri ne ya ba zinariya launinta, shi ya sa zaiba take ruwa. A ƙarshen jadawali zai iya sa sinadari ya ƙi halin gidansu. Ba a sanin haka sai an gwada.

Ga yadda aka yi gwajin lamba 105 a cikin ruwa karo na farko, a 1987, a saikulotiron mai inci 88 na Berkeley, wato na'urar da ke ba ƙwayoyi gudu don a yi harbi da su.

Ana fara da abin hari: bakiliyam-249, a shafe shi da lantarki a kan fallen beriliyam, kaurin kusan rabin miligiram a kowace murabba'in santimita. Bakiliyam na da furoton 97. Ana harbinsa da oksijin-18 mai furoton 8, a kuzarin da ya kai wajen MeV 100 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne), ƙwaya tiriliyan uku ko makamancin haka a kowace daƙiƙa. Kusan dukkansu suna wucewa ba su taɓa komai ba. Waɗanda suka haɗe ma, mafi yawansu nan take suke tarwatsewa. Jefi-jefi ɗaya takan huce ta hanyar zubar da niyutiron biyar, ta zama aisotof mai nauyin 262, mai rabin wa'adin daƙiƙa 34. Abin da ake samu bai wuce ƙwaya guda a minti ba. Kuzarin harbi dole ya zauna daidai: in ya gaza, cibiyoyin biyu ba sa iya keta ƙin da ke tsakaninsu, in ya zarce, abin da aka haifa ya yi zafi ya tsage. In aka ƙara yawan harbi don a samu ƙari, zafi ya lalata fallen, shi ya sa ake hura masa iska mai sanyi. Shi kansa bakiliyam ba ya jira, rabin wa'adinsa kusan kwana 330 ne, yana komawa kalifoniyam, don haka abin harin da ya kwana biyu ya zama gauraye.

Ƙwayar da aka haifa tana fita ta bayan fallen da ƙarfin bugun, ta faɗa wani ɗan ɗaki cike da iskar hiliyam, ta tsaya. A cikin hiliyam ɗin akwai ƙurar gishirin fotasiyam kulorayid da aka samu ta hanyar dumama gishirin a murhu. Ƙwayar ta manne wa ƙurar, iska ta ja su ta wani siririn bututu zuwa ɗakin aiki cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba don ƙurar ba, ƙwayar za ta liƙe a bangon bututu, ba a sake jin labarinta. In murhu ya yi sanyi, ƙura ta yi kaɗan. In ya yi zafi, gishiri ya taru da kauri ya dusashe kuzarin ɓarɓashin da za a auna daga baya.

A bakin bututu ɗalibi na tsaye da ɗan fallen gilashi irin na madubin likita. An daɗe da sanin cewa niyobiyam da tantalam suna manne wa gilashi idan aka turara su da asid naitirik mai ƙarfi, zakoniyam da hafniyam da dangin bakiliyam kuwa ba sa mannewa. Sai a tara ƙura a kan gilashin, a ɗiga asid, a ƙafar da shi a kan wuta, a wanke da asid mai rauni, a busar, a ɗora a gaban na'urar ji. Duka wannan cikin kusan daƙiƙa 50. Yi lissafi: daƙiƙa 50 kusan rabin wa'adi ɗaya da rabi ne, ke nan kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayoyin sun mutu a hannu kafin a kai su. Na'urar kuma fuska ɗaya take kallo, ɓarɓashin da ya nufi wani gefe ya tafi ke nan. Sannan a ɗauki sabon gilashi a sake. An yi haka kusan sau 800. An ga ɓarɓashin alfa 26, wato cibiyar hiliyam da ƙwaya ke tofarwa idan ta lalace.

Me ya sa za a yarda da 26 ɗin? A nan ne zuciyar sana'ar take. Kuzarin alfa na wannan aisotof yana wajen MeV takwas da rabi, amma akwai 'yan kutse a wannan unguwa. Ɗigon dalma ko bismut a cikin abin hari yana haifar da aisotof na foloniyam masu kuzari kusa da haka, foloniyam-212 ma yana ba da 8.78. Alfa guda ba shaida ba ce. Shaida ita ce uwa da 'ya. Idan 105 ta tofar da alfa, ta zama lorensiyam-258, wadda ita ma ke tofar da tata cikin kusan daƙiƙa huɗu. A ga alfa mai kuzarin uwa, a ga mai kuzarin 'ya tana biye a kan gilashi guda cikin lokacin da ya dace, sannan a lissafa sau nawa haɗuwar sa'a kawai za ta iya kawo hakan. A cikin 26 ɗin an samu irin wannan jeri guda biyar. Lamba 105 ya manne wa gilashi, ya tabbata ɗan gidan niyobiyam da tantalam ne.

Maimaitawar nan ba don ƙarancin ƙwayoyi kawai ba ce. Dokokin kemistiri na daidaito an gina su ne a kan taron ƙwayoyi, a ce kashi kaza ya shiga nan, kashi kaza ya tsaya can. Ƙwaya guda ba ta da kashi. Ko ta manne ko ba ta manne ba. Abin da ke maye gurbin taro shi ne a yi wa ƙwayoyi ɗai-ɗai tambaya guda sau ɗaruruwa, ko a tura ƙwayar ta cikin bututun tacewa inda za ta manne ta saki sau dubbai kafin ta fito.

Gwaji na biyu ya kawo abin mamaki. Akwai wani ruwa mai narkar da abubuwa, dangin kiton, da ke janye tantalam daga gaurayen asid naitirik da na fulorin amma ya bar niyobiyam. Tantalam ne maƙwabcin 105 na kusa a jadawali, kowa ya zaci zai bi shi. Bai bi ba. Da abokan aiki daga Jamus suka kawo na'urar tacewa mai sarrafa kanta, aka yi gwaji dubbai, sai aka ga a wasu yanayi yana bin niyobiyam, a wasu ma yana kama da furotaktiniyam. Haka ɗalibanta suka samu a lamba 104: wani lokaci ya yi halin zakoniyam maimakon hafniyam, wani lokaci ya leƙa gidan fulutoniyam. Gidan dai nasu ne, amma ba a iya ja layi daga kaka zuwa uba a ce ga halin jika.

Ita kanta ba ta kiran 105 da sunan da ke jadawali a yau. Mutanen Berkeley sun raɗa masa haniyam tun 1970, don girmama Otto Hahn, Bajamushen da ke cikin waɗanda suka gano tsagewar cibiya, yayin da mutanen Dubna a Tarayyar Sobiyat suke da nasu iƙirarin. Rikicin suna ya ɗauki shekaru. Lamba 106 ma ya shiga ciki: Albert Ghiorso da abokansa sun samar da shi a 1974 daga kalifoniyam-249 da oksijin-18, amma ya zauna babu suna saboda babu wanda ya maimaita. A 1993 Ken Gregorich da Hoffman da rukuninsu suka maimaita, suka bi jerin daga 106 zuwa 'yarsa 104 zuwa jikarsa nobeliyam. Wannan ya buɗe hanya aka sanar da sunan sibojiyam, don girmama Seaborg, a Maris 1994. Hukumar kemistiri ta duniya ta fara ƙi, bisa hujjar cewa Seaborg na da rai, sannan ta amince a 1997. A wannan sulhu ne 105 ya zama dubniyam, ita kuwa ta ci gaba da cewa haniyam.

Daga nan aikin ya fi ƙarfin ɗaki guda. An gwada kemistirin sibojiyam a Darmstadt ta Jamus da ƙwayoyi bakwai, ya bi molibdinam da tangistin. An gwada 107 a Suwizalan da ƙwayoyi shida na wani aisotof mai rayuwar daƙiƙa 17 da rukuninta ya fara ganowa a Berkeley. A 2001 aka gwada 108, hasiyam, da ƙwayoyi bakwai: aka haɗa shi da oksijin ya zama tururi, aka tura shi ta wani lungu mai jere da na'urorin ji wanda sanyinsa ke ƙaruwa daga baki zuwa ƙarshe. Ya sauka a wajen digiri 44 ƙasa da sifiri, ɗan'uwansa osmiyam kuwa sai wajen 82. Hannunta da na ɗalibanta na cikin duk waɗannan.

Sai abin da ba a so a tuna, amma barinsa cin amana ne. A 1999, 'yan watanni bayan rasuwar Seaborg, Berkeley ta sanar da samun lamba 118 ta hanyar harbin dalma-208 da kirifton-86. Jeri uku aka bayar, kowanne uwa da 'ya da jika a jere gwanin kyau. Sunan Hoffman na kan takardar. Jamus ta gwada ba ta gani ba, Japan ba ta gani ba, Faransa ba ta gani ba, Berkeley da kanta ta sake ba ta gani ba. Da aka koma ga ɗanyen bayanan da na'ura ta naɗa, jerin ba sa ciki. An janye iƙirarin a 2001, kwamitin bincike ya ɗora alhakin ƙirƙirar bayanan a kan Victor Ninov, aka sallame shi a 2002, shi kuwa ya musanta. Inda rukunin ya yi sake a fili yake: mutum ɗaya ne ya iya manhajar da ke tace bayanan, kowa ya karɓi abin da ya fito daga hannunsa, ba wanda ya buɗe ɗanyen da kansa kafin a buga. Hasashen wani masani ya riga ya ce wannan haɗi zai yi albarka, zukata sun riga sun karkata. Macen da ta sa ɗalibai wanke gilashi sau 800 don jeri biyar, ita aka miƙa wa jeri uku da ba su taɓa faruwa ba. Abin da ke rage zafin shi ne mutanen gidan ne da kansu suka tono ɓarnar suka faɗa wa duniya. Lamba 118 na gaskiya ya fito daga haɗin gwiwar Dubna da cibiyar bincike ta Livermore a Kalifoniya, da kalifoniyam-249 da kalsiyam-48, aka sanar a 2006, aka raɗa masa oganeson a 2016.

Lambobin yabo sun zo mata da yawa: ta kimiyya ta ƙasa a 1997, ta Priestley a 2000, wadda ita ce mace ta biyu da ta samu, da ta Enrico Fermi a 2023. Ni dai a ganina abin da ya fi su shi ne damuwarta da ƙarewar masu wannan sana'a. Ta ga sassan jami'o'i na rufe darussan kemistirin nukiliya alhali sharar nukiliya da magungunan asibiti da tsaron makamai duk suna buƙatar masu hannu. Ita ce daraktar farko ta Cibiyar Seaborg da ke Livermore daga 1991 zuwa 1996, inda horar da matasa ke cikin manyan manufofi. Cikin ɗalibanta akwai Dawn Shaughnessy, wadda daga baya ta jagoranci masu kemistiri na Livermore a aikin gano sabbin sinadarai tare da Dubna, da Ken Czerwinski, wanda ya yi aikin 104.

Saikulotiron mai inci 88 na nan yana aiki. A 2024, tana da rai, rukunin da Jacklyn Gates ke jagoranta ya sanar da samun ƙwayoyi biyu na lamba 116 cikin kwana 22 na harbi da taitaniyam-50, gwajin share fage kafin a nemi lamba 120, wanda ake sa ran zai ci ninkin wannan lokaci kusan sau goma. Taitaniyam na da furoton 22, don haka samun lamba 116 na buƙatar abin hari mai 94. Fulutoniyam-244 aka shafa a kan fallen.